Waiwaye: Yadda Sinadaran Kabon Suka Samu Gurbi a Binciken Gajimare

Tun a 1880 John Aitken, masanin kimiyya ɗan Sikotland, ya nuna cewa tururin ruwa ba ya dunƙulewa ya zama gajimare sai ya samu wani ɗan burbushi a iska da zai taru a kansa. Daga nan tambayar ta koma kan burbushin kansa: da me aka yi shi? Hilding Köhler na ƙasar Suwidin ya ba da amsar da ta daɗe tana mulki, inda a nazarinsa na 1936 ya bayyana yadda ɗigo yake girma a kan ƙwayar gishiri mai narkewa. Lissafinsa yana aiki har yau, sai dai ya sa aka saba kallon ruwan gajimare a matsayin ruwan gishiri kawai.

Bala'o'in tsakiyar ƙarni na ashirin sun ƙara ƙarfafa wannan kallo. Hazon hayaƙin kwal da ya lulluɓe Landan a Disamban 1952 ya hallaka dubban mutane, sannan matsalar ruwan sama mai asid ta mamaye Turai da Arewacin Amurka a shekarun 1970 da 1980, don haka kuɗin bincike da hankalin masana suka karkata ga salfet da naitiret, sinadaran da ke samuwa daga hayaƙin ƙona kwal da mai kuma suke sa ruwan sama tsami. Hakan bai zama banza ba, domin a lokacin ne aka gane cewa yawancin salfet a cikin ɗigon gajimare yake samuwa, wato ɗigon wuri ne da sinadarai ke sauya kama. Amma sinadaran da aka gina a kan kabon, wato irin waɗanda jikin tsirrai da dabbobi ya ƙunsa, sun zauna a gefe, ko da yake Frits Went, masanin tsirrai, ya riga ya yi hasashe a 1960 cewa shuɗin hazon da ake gani a saman dazuzzuka daga tururin sinadaran kabon da itatuwa ke fitarwa yake.

A ganina babban dalilin wannan jinkiri shi ne wahalar awo. Salfet abu ɗaya ne mai sauƙin ganewa, alhali ɓangaren kabon ya ƙunshi dubban sinadarai, kowanne ɗan kaɗan, wasu kuma suna lalacewa kafin samfurin ya isa ɗakin gwaji. A farkon shekarun 1980 James Galloway da William Keene sun gano cewa asid ɗin fomik da na asetik, waɗanda duka sinadaran kabon ne, suna da kaso mai yawa a tsamin ruwan sama na wuraren da ke nesa da masana'antu, kuma bakteriya na cinye su cikin 'yan kwanaki idan ba a zuba abin kashe su a cikin kwalbar ba. Ke nan awo da dama na baya sun rasa abin da yake nan tun farko.

Daga 1990 zuwa gaba al'amura suka yi sauri. A 1993 Tihomir Novakov da Joyce Penner sun nuna, daga awon da aka yi a wani dutse a Puerto Rico, cewa burbushin kabon na samar da kaso mai tsoka na ƙwayoyin da gajimare ke kafuwa a kansu. A 1999 Maria Cristina Facchini da abokan aikinta sun yi amfani da ruwan hazon kwarin Po na Italiya suka nuna cewa waɗannan sinadarai na sassauta fatar ɗigo kamar yadda sabulu yake yi, abin da ke sauƙaƙa girmansa. A 2000 James Blando da Barbara Turpin suka kawo hujjar cewa gajimare da kansa yana ƙera sabon burbushi: iskar gas mai ɗauke da kabon irin su gilayoksal ta narke a cikin ɗigo, ta koma asid ɗin okzalik da makamantansa, idan ɗigon ya bushe kuma (yawancin gajimare kuwa watsewa suke yi ba tare da sun zubar da ruwa ba) sai ragowar ta zauna a iska. A 2004 Magda Claeys ta gano a dajin Amazon shaidar cewa aisofirin, wani gas mai kabon wanda tsirrai ke fitar da kimanin tan miliyan 500 nasa a shekara, shi ma yana zama burbushi, saɓanin abin da aka daɗe ana ɗauka.

Sababbin na'urorin awo sun tabbatar a ƙarshen shekarun 2000 cewa sinadaran kabon kan kai kashi 20 zuwa 90 cikin ɗari na nauyin burbushi mafi ƙanƙanta. A tashar dutsen Puy de Dôme ta Faransa an samu bakteriya masu rai a cikin gajimare suna cin waɗannan sinadarai, a dutsen Whiteface na jihar New York kuma, inda aka kafa awo saboda ruwan asid, salfet ya ragu ƙwarai bayan dokokin tsaftace iska, kabon kuwa yana ƙaruwa. Wannan sauyi ya cancanci kulawa ta gaske, domin tasirin burbushi a kan gajimare na cikin abubuwan da suka fi rikita hasashen ɗumamar yanayi, kuma tashoshin da ke tattara ruwan gajimare shekara bayan shekara ƙalilan ne a duniya.