Waiwaye: Daga lissafin Malthus zuwa buhun taki

Duk sanda farashin mudun hatsi ya tashi, zance ɗaya ake komawa a majalisa da gidajen rediyo. Wani ya ce mun yi yawa, ƙasa ta gaji da ɗaukarmu. Wani ya ce kowane baki da rabonsa yake zuwa. Gardamar nan ta haura shekara 200.

A 1798 ne Thomas Malthus, wani limamin coci a Ingila, ya kafa mata lissafi. Ya ce in ba abin da ya tare su, mutane kan ninka duk shekara 25, wato 1, 2, 4, 8, amma abinci sai dai ya riƙa jan ƙafa, 1, 2, 3, 4. Giɓin da ya rage, yunwa da annoba ke cike shi, ko kuma jinkirta aure. Masanin tattalin arziki David Ricardo ya ɗora da cewa idan ƙasa mai kyau ta ƙare, dole a gangara noman fako, wahala ta ƙaru, amfani ya ragu. Da cutar dankalin Turawa ta faɗa wa Ireland a 1845, mutum wajen miliyan 1 suka mutu, aka ce ga maganar ta tabbata, alhali a shekarun nan ba a daina fitar da abinci daga tsibirin ba.

Lokacin Malthus mutanen duniya ba su wuce biliyan 1 ba. A Nuwamban 2022 sun cika biliyan 8. Masu ba da labarin yadda aka ciyar da su sukan yi tsalle zuwa ingantaccen irin alkama na masanin noma Norman Borlaug. A ganina inda zancen ya juya tun kafin wannan ne, kuma ba a cika tsayawa a kai ba.

Shuka ba ta yi sai da sinadarin naitirojin. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 shi ne, amma gero da alkama ba sa iya zuƙarsa daga iska. Shi ya sa tun daga shekarun 1840 jiragen ruwa suka yi ta jigilar kashin tsuntsayen teku daga tsibiran Peru zuwa gonakin Turai, da ya yi ƙaranci aka koma haƙar gishirin taki a hamadar Atacama da ke Kudancin Amurka. A 1898, shekara 100 cif bayan Malthus, masanin kimiyya William Crookes ya miƙe a birnin Bristol ya yi gargaɗin cewa masu cin alkama na dab da yunwa muddin ba a samo dabarar kamo sinadarin daga iska ba. A 1909 wani masanin kimiyya, Fritz Haber, ya samo ta a Jamus: ya haɗa naitirojin da haidirojin cikin zafi da matsi mai tsanani, amoniya, sinadarin da ake yin taki da shi, ta ɗigo. Injiniya Carl Bosch ya mayar da gwajin masana'anta a garin Oppau na Jamus a 1913. Farin yuriyar da ke cikin buhu daga nan ta samo asali, kuma masana sun ƙiyasta kusan rabin mutanen duniya da abincin da takin zamani ya nomo suke rayuwa.

Sai dai takin da iskar gas ake yin sa, kuma da kuɗi ake sayensa. Da gas ya yi tsada a 2021 da 2022, buhu ya bi shi. A taron Abuja na 2006 ƙasashen Afirka sun ƙudiri kai amfani da taki zuwa kilo 50 a kowace hekta, daga kilo 8 kacal. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna noma gona ɗaya shekara da shekaru cikin cunkoson jama'a, da takin da jakuna ke kwasowa daga birni a mangala. A ƙauyukan Nijar kuwa akwai manomin da ke auna takin zamani da murfin kwalba, ramin shuka ɗaya murfi ɗaya, don ɗan abin da ya iya saye ya kai ƙarshen gona.