Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa

Jama'a, akwai abin da nake yawan gani a bakin aiki, kuma yana ɗaga min hankali. Mutum ya yanke jiki ya faɗi, nan take sai a ɗaga kansa a fara ɗura masa ruwa. Niyyar taimako ce, na sani, amma tana iya kashe shi.

Iska da abinci hanyarsu ɗaya daga baki har cikin wuya, a nan suke rabuwa. Bututun iska yana gaba, shi ne ke gangarawa ya rabu biyu zuwa huhu, inda ƙananan jakunkuna sama da miliyan 300 ke miƙa wa jini iskar oksijin. Babban mutum yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Bututun abinci kuwa yana bayansa, tsawonsa kamar santimita 25, yana kai loma tumbi, daga nan ta wuce ƙaramin hanji mai tsawon kusan mita 6, jiki ya tsotse abin da zai amfane shi.

A mararrabar nan akwai wani ɗan murfi na guringuntsi mai siffar ganye. Ba shi ne beli ba, yana can ƙasa bayan harshe. Duk sanda ka haɗiye abu, numfashinka yakan tsaya na ɗan lokaci, murfin ya rufe hanyar iska. Idan wani abu ya kuskure ya shiga, sai ka ƙware, tari ya turo shi waje. Shi ya sa magana ko dariya da abinci a baki ke jawo ƙwarewa.

To wanda ya suma, ko yake farfaɗiya, ko shanyewar ɓarin jiki ta taɓa haɗiyarsa, wannan tsaron ya yi rauni a wurinsa. Ruwan da aka zuba sai ya zarce huhu, galibi na dama, domin reshensa ya fi faɗi da miƙewa. Ko ya tsira a ranar, namoniya na iya biyo baya. Haka yaron da aka danne aka ɗura wa magani yana kuka.

Ku kwantar da sumamme a gefensa, ku nemi asibiti, kada a sa komai a bakinsa.

Wanda ya ƙware kuma yana tari, ku bar shi ya yi ta tari. Idan murya ta ɗauke, numfashi ya gagara, ku sunkuyar da shi, ku buga tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu sau 5, sannan ku rungumo shi ta baya ku matsa saman cibiyarsa ciki da sama sau 5. Jaririn da bai kai shekara 1 ba, ƙirjinsa ake dannawa, ba a matsa masa ciki. Ku hanzarta, domin ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 ba iska.