Mene Ne Tanderun Indokshon?

Tanderun indokshon tukunya ce ta narka ƙarfe da lantarki, ba gawayi, ba gas, ba zuga-zugi. A maƙera, wuta ce ke cin ƙarfe daga waje har zafi ya ratsa shi. A nan kuwa zafin daga jikin ƙarfen yake tasowa.

Ana naɗe bututun jan ƙarfe a kewayen tukunyar da aka gina cikinta da ƙasa mai jure zafi. In aka saki lantarki mai kai-da-komo a cikin naɗin, sai ƙarfin maganaɗisu ya tashi, yana sauya fuska sau ɗaruruwa ko dubbai a daƙiƙa guda. Shi ke haifar da wata lantarkin a cikin ƙarafan da aka zuba, ita kuma tana kutsawa da ƙyar, sai ƙarfen ya ɗau zafi, ya yi ja, ya zama ruwa. Bututun kansa ruwan sanyi ke bi ta cikinsa ba tsayawa, don kada shi ma ya narke. Alminiyam na narkewa a digiri 660 na Salshiyos, jan ƙarfe a 1085, tsantsar baƙin ƙarfe sai an kai 1538. Maganaɗisun kuma yana gauraya narkakken ƙarfen da kansa, ba sai an sa hannu ba.

Tushen ilimin na Michael Faraday ne, a Ingila, 1831. Wani injiniya, Fredrik Kjellin, ya harhaɗa irin wannan tanderu a Suwidin a 1900, sannan Edwin Northrup na Amurka ya fito da samfurin da ya fi yaɗuwa yau wajajen 1916. Akwai ɗan ƙarami na maƙeran zinariya, akwai na masana'anta mai ɗaukar tan da yawa. Yana da sauri, hayaƙinsa kaɗan ne, amma akwai shi da cin wuta: tan ɗaya na baƙin ƙarfe kan lashe kilowat-awa 500 zuwa 600. Babban haɗarinsa ruwa ne. Jiƙaƙƙen ƙarfe ko rufaffiyar tukunyar gas ta faɗa cikin narkakke, fashewa ce nan take.

Abin da na fi so a riƙe shi ne, wannan tanderu narkawa yake yi, ba ya tacewa sosai. Sinadarin fosfaras da farar wuta da suka shiga tare da tarkace yawanci suna nan a cikin abin da zai fito, kuma su ke sa rodi ya yi gautsi, ya karye wajen lanƙwasawa. Wannan na cikin dalilan da suka sa ƙasar Sin ta rufe masana'antun da ke yin rodin gini mara inganci da irin wannan tanderu a 2017.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. Ƙarafan da 'yan jari-bola ke tarawa a garuruwanmu, tireloli na kwasar da yawansu zuwa masana'antun Ikorodu a jihar Legas da Ogijo a jihar Ogun, inda irin wannan tanderu ke narka su, su dawo mana a matsayin rodi. Ingancin rodin ya dogara ne kan ko an tantance tarkacen kafin a zuba, an kuma gwada samfurin narkakken kafin a juye. Mai sayen rodi da yawa yana da haƙƙin neman takardar gwajin daga hannun dila.