Tantanin Tace Ruwa na Masana'antu

Tantanin tacewa wata siririyar fata ce da ake tura ruwa ta cikinta da ƙarfin famfo, ruwa ya wuce, gishiri da ƙwayoyin cuta su tsaya. Shi ne ke naɗe cikin dogayen bututun injin RO (reverse osmosis, wato tace ruwa da matsi) da ake gani a gidajen ruwan leda na Abuja da Jos. An ara masa suna daga tantanin ganga, amma ya fi shi siranta nesa ba kusa ba: ɓangaren da ke yin aikin bai wuce nanomita 200 ba, gashin kan mutum ya ninka shi kauri sau ɗaruruwa. Abu mai wannan siranta ba ya tsayuwa da kansa, shi ya sa rabin gwanintar ƙera shi tana wajen shimfiɗar da ake ɗora shi a kai.

Wajen 1960 Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas suka fara yin tantani mai toshasshiyar fuska da baya mai huda-huda kamar soso. A 1965 aka buɗe matatar ruwa da shi a garin Coalinga na jihar Kalifoniya. Daga baya John Cadotte ya raba aikin gida biyu, shimfiɗa daban, fata daban, ya sami rajistar mallakar fasahar a 1981. Tsarinsa ne ya mamaye kasuwa har yau.

Hawa uku ake yi. A ƙasa akwai ƙyallen foliyesta mai kaurin kusan maikiromita 120 (maikiromita ɗaya nanomita 1,000 ne), shi ke ɗaukar matsi. Sai a narka robar folisalfon a shafa a kansa, a tsoma cikin ruwa. Nan take ta daskare ta zama soso mai ƙananan ƙofofi, kauri kusan maikiromita 40. Hawa na uku ne abin sha'awa. Ana jiƙa soson da sinadarin amin da aka narka a ruwa, sannan a zuba wani sinadarin da aka narka a mai. Da yake ruwa da mai ba sa gauraya, sinadaran biyu ba sa haɗuwa sai a kan iyaka, a nan fatar foliyamaid ke tsirowa cikin daƙiƙoƙi. Da ta rufe, ita da kanta ke hana su sake gamuwa, don haka ba ta yin kauri. Idan ƙofofin soson sun yi faɗi, fatar ta lotsa ta yage. Idan sun matse, ruwa ya ƙi tafiya. Tantani mai kyau yana tare sama da kashi 99 cikin ɗari na gishiri.

Akwai kuma na yumɓu da ake gasawa a wuta fiye da digiri 1,000, mai jure zafi da asid, sai dai tsada. Masu bincike na gwada farar ƙasa, irin wadda ake haƙa a Filato, don rage kuɗin shimfiɗarsa.

Babban abokin gabar foliyamaid kulorin ne, maganin da ake sa wa ruwan famfo. Masana'antar da ke jan ruwan famfo daga Dam ɗin Usuma na Abuja ko na Lamingo na Jos dole ta fara cire kulorin ɗin, misali ta bi da ruwan ta tankin gawayi. Mai rijiyar burtsatse kuwa, laka da tsatsa ne damuwarsa, su ke toshe fuskar tantanin har a ga famfo na ƙugi ruwa na ɗiga.