Sunayen garuruwan dutse a ƙasar Hausa

Sunayen garuruwan dutse su ne sunayen ƙauyuka da garuruwan da aka raɗa musu saboda wani dutse ko tsauni ko tudu da ke wurin. Yawanci akan haɗa kalmar da sunan mutum ko dabba, kamar Dutsin-Ma a Katsina, Dutsen Wai a Kaduna, Dutsen Kura a Minna, wani lokacin kuma a bar ta haka tsurarta, Dutse kawai.

Labarin maharba

Kusan duk dutsen da ka tambayi tsofaffin wurin, amsar ɗaya ce, wai wani maharbi ne ya fara zama a kai. Dutsin-Ma ana cewa Ma sunan maharbin ne, ya yi zamansa a kan dutsen da ke tsakiyar garin yanzu, mutane suka riƙa cewa za su dutsin Ma har sunan ya bi garin. Dutse ta Jigawa kuwa, wadda ta zama babban birnin jiha a 1991, labarin baka ya ce wani maharbi Duna Magu ne ya tarar da gada birjik a tsakanin duwatsun, daga nan ake danganta kirarin Dutse Gadawur. Haka Dala a Kano, sunan mutumin da ya fara zama ne, kuma daga zuriyarsa aka samu Barbushe mai hidimar gunkin Tsumburbura, tun kafin zuwan Bagauda, sarkin Kano na farko, da ake ƙiyasta shi wajen shekarar 999. Maƙwabcinsa Gwauron Dutse shi ba maharbi a labarinsa, ana dai cewa don yana tsaye shi kaɗai ne kamar gwauro, baki kuma ya mayar da shi Goron Dutse, abin da ya sa wasu ke zaton da goro a zancen, alhali babu.

Kwatarkwashi a Zamfara ana jingina sunanta ga Kwatashi, ɗaya daga sarakunan farko, kuma dutsen garin ya yi suna da mikiya da tsafin da ake yi a kansa a da.

Dalilin zama a dutse

Tsaro ne a gaba, sai ruwan da ke kwanciya a kogo, sai imani da iskoki. Da hare-hare suka lafa a zamanin Turawa ƙauyuka da yawa sun sauko fili da sunansu, tsohon wurin ya zama kufai.

A Legas

'Yan arewa mazauna Agege da Idi-Araba da Mile 12 sukan kira mutum da sunan garinsu, sai ka ji a teburin mai shayi ana cewa ɗan Dutsin-Ma ko ɗan Dutse, alhali yaran da aka haifa a nan wasunsu ko dutsen ba su taɓa gani ba. Yarbawa ma suna da irin wannan, oke shi ne tudu a wurinsu, shi ya sa ake da Oke-Odo da Oke-Ira da Oke-Afa, ko da yake tudun Legas in ka nuna wa mutumin Kwatarkwashi dariya zai yi. Abeokuta ta jihar Ogun ce mai dutse na gaske, ma'anar sunan ƙarƙashin dutse, inda Egba, wani reshen Yarbawa, suka fake a dutsen Olumo wajen 1830.

Saɓani

Akwai masu ganin wasu maharban daga baya aka ƙirƙiro su don a fassara sunan da ma'anarsa ta ɓace.