Waiwaye: Yadda dokar shaidar zaɓe ta haɗu da takardun masu sauya jinsi a Amurka

Amurka ba ta da katin zaɓe guda na ƙasa irin wanda INEC ke bayarwa a Najeriya. Kowace jiha ita ke tsara yadda mai zaɓe zai tabbatar da cewa shi ne, kuma galibi lasisin tuƙi ake nunawa. Daga nan matsalar da masu sauya jinsi ke fuskanta a rumfar zaɓe ta samo tushe.

A da, a yawancin jihohi mutum ya faɗi sunansa ya sa hannu a rajista, shi ke nan. Rikicin ƙirgar ƙuri'u a Florida a zaɓen 2000 ne ya sa majalisar dokokin ƙasar ta yi doka a 2002, wadda ta buƙaci shaida daga sabbin masu zaɓen da suka yi rajista ta gidan waya. A 2005 jihar Indiana ta ƙara gaba, ta ce sai da katin gwamnati mai hoto. Aka kai ƙara har Kotun Ƙoli, a 2008 alƙalai 6 cikin 9 suka ce dokar ba ta saɓa wa tsarin mulki ba. Jihohi da dama, musamman na 'yan Republican, suka bi sahu, suna cewa hanyar toshe maguɗi ke nan. 'Yan Democrat kuwa suka ce maguɗin da mutum zai zo da sunan wani ba kasafai ake samunsa ba, kuma talakawa da tsofaffi dokar za ta fi tarewa. Yau jihohi sama da 30 na neman wata irin shaida a rumfa.

Can gefe guda kuma batun takardun masu sauya jinsi na tafiyarsa daban. Canza suna sai an je kotu an biya kuɗi, a wasu jihohin har sai an buga sanarwa a jarida. Canza harafin jinsi a lasisi ko takardar haihuwa kuwa, kowace jiha da sharaɗinta: wata takardar likita, wata shaidar tiyata, Tennessee kuma tun 1977 ta hana taɓa takardar haihuwa. A 2010 ma'aikatar harkokin waje ta cire sharaɗin tiyata a fasfo, a 2017 Oregon ta soma ba da lasisi mai harafin X, wato ba namiji ba mace ba. Duk da haka, wani babban bincike na 2015 da ya ji ta bakin masu sauya jinsi sama da 27,000 ya gano kashi 11 cikin ɗari ne kawai suka gyara duk takardunsu, kashi 68 kuwa ko ɗaya ba su gyara ba.

A teburin ma'aikacin rumfa zaren biyu suka sarƙe. Abin lura shi ne, dokokin shaidar zaɓe ba su ce sai harafin jinsi ya dace da kamannin mutum ba. Suna ake dubawa da hoto. To amma ma'aikacin, wanda sau da yawa ɗan aikin kwana ɗaya ne, shi zai kalli tsohon hoto ya kalli fuskar da ke gabansa ya yanke hukunci. In ya yi shakka, sai a ba mutum ƙuri'ar wucin gadi, wadda a Indiana ba za a ƙirga ba sai ya je ofishin zaɓe cikin kwana 10 da shaida.

Kuma saɓanin suna ba masu sauya jinsi kaɗai ya kama ba. A Texas a 2013, Greg Abbott da Wendy Davis, waɗanda suka fafata a takarar gwamna a 2014, dukansu sai da suka sa hannu a takardar rantsuwa saboda sunan katinsu ya ɗan bambanta da na rajista. In manya sun sha wannan, ina ga wanda sunansa ya canza ɗungurungum?

Daga 2024 iska ta juya. Florida ta daina canza jinsi a lasisi a watan Janairu, Texas ta bi a Agusta. Ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a umarnin cewa jinsi biyu gwamnatin tarayya ta sani, fasfo ya koma ɗaukar jinsin haihuwa. Wata alƙaliya a Boston ta dakatar da matakin, amma a Nuwamba Kotun Ƙoli ta bari a ci gaba da aiki da shi kafin a gama shari'ar. A Afrilun shekarar majalisar wakilai ta amince da ƙudirin SAVE, mai neman shaidar zama ɗan ƙasa, irin fasfo ko takardar haihuwa, kafin rajistar zaɓe. Masu sukarsa sun fi kafa hujja da miliyoyin matan aure da suka ɗauki sunan mazajensu, waɗanda su ma sunan da ke takardar haihuwarsu ba shi ne a lasisinsu ba.