Matashi bayan maganin ciwon daji: jikinsa, abokansa da tambayar aure

Me ya bambanta ciwon daji a ƙuruciya da na tsufa?

Lokacin da yake zuwa. A Amurka, likitoci sun ware 'yan shekara 15 zuwa 39 a rukuni na daban, domin cutar tana riskarsu ne suna tsakiyar karatu, koyon sana'a ko neman aure. Maganin sankarar jini da aka fi gani a yara da matasa yakan ɗauki shekara 2 zuwa 3. Kafin a kammala, sa'o'in yaro sun wuce shi aji biyu, wasu sun yi aure, hirarsu ma ta canza.

Wane canjin jiki ne ya fi taɓa su?

Gashi yakan fara zuba mako 2 zuwa 3 bayan soma allurar kemo (maganin da ke kashe ƙwayoyin ciwon daji), ya dawo cikin wata 3 zuwa 6 bayan an gama, wani lokaci da laushi ko launi daban. Magunguna irin su prednisolone suna kumbura fuska, su ƙara ƙiba, su sa saurin fushi. Sankarar ƙashi, wadda ta fi kama matasa kusa da gwiwa, tana iya kaiwa ga yanke ƙafa. Budurwa 'yar shekara 17 da ba ta gane fuskarta a madubi, ba shagwaɓa take yi ba idan ta ƙi fita biki.

Don me abokai suke ja da baya?

Yawanci ba ƙiyayya ba ce. Wasu ba su san abin faɗa ba bayan "sannu". Wasu suna tsoron ɗauka, alhali ciwon daji ba ya yaɗuwa ta zama tare, musafaha ko cin abinci a kwano ɗaya. Akwai kuma dalilin likita: kwana 7 zuwa 14 bayan kowace allura, garkuwar jiki tana yin ƙasa sosai, sai a taƙaita masu dubiya, kuma zazzaɓin da ya kai maki 38 a ma'aunin Celsius a lokacin yana bukatar asibiti nan take. Idan ba a yi wa abokai bayani ba, sai su ɗauka an kore su ne.

An ce ya warke. Ba shi ke nan ba?

Nan ne aka fi barin su su kaɗai. Dubiya ta tsaya, kowa na cewa "ai ka samu lafiya", amma gajiya tana iya kai watanni ko shekaru, mantuwa tana damun karatu, kuma kowane gwajin bibiya yana tayar da fargabar dawowar cutar. Wanda abokin da suka yi jinya tare a asibiti ya rasu yakan ji nauyi a zuciya cewa shi ya rayu. Idan rashin barci ko ƙunci ya wuce mako 2, a gaya wa likita.

Me aboki zai yi?

Ya ci gaba da gayyata ko da an ƙi zuwa sau uku. Ya kawo darussan da aka yi. Ya tambaya, "Yau kana son maganar ciwon, ko mu yi hirar ƙwallo?" Kada ya ba da labarin cutar ga wasu sai da izini.

Batun haihuwa fa?

Wasu magungunan suna rage ta, wasu ba sa taɓawa; ya danganta da irin magani da yawansa. Namiji zai iya adana maniyyi kafin a fara, inda akwai kayan aikin. Bayan magani, ana iya yin gwajin maniyyi ko na sinadaran haihuwa kafin maganar aure ta yi nisa, don a faɗa wa wanda za a aura abin da gwaji ya nuna, ba zato ba.